Shimfiɗar Akurkin Mama

"Kada ya ƙara tako min ƙofar gida, Dioselina. Na gama magana."

Baba yana tsaye a bakin akurki da matacciyar kaza a hannu, ta uku ke nan cikin kwana biyar. Kajin Mama ne. Tun da ta rasu bara, Baba ya fi kula da su a kan cikinsa.

"Baba, Ovidio bai..."

"Kafintan da bai san bambancin akurki da akwatin tufafi ba, shi zan ba 'yata?"

A nan garinmu Espinal kowa buntun shinkafa yake shimfiɗa wa kaji, balle Baba da ya shekara talatin a injin casa. Amma makon da ya tafi birnin Ibagué ganin likitan ido, ruwa ya zubo ta rufi ya jiƙe buntun sharkaf. Da ya dawo sai ya tarar da jan garin katako mai ƙamshi a ƙasan akurkin, kaji kuma suna atishawa, idanunsu na ruwa.

Jiya Ovidio ya zo, ya cire hula a gaban Baba, ya kira shi da sunan girmamawa, ya ce, "Laifina ne, Don Aristides." Wallahi ƙarya yake yi, kuma ƙaryar nan ta fi komai ƙona min rai.

Ranar da buntun ya jiƙe, ni na je shagonsa na ji ƙamshin garin katakon da ke cikin wani buhu, na ce shi nake so. Har riƙe bakin buhun ya yi.

"Lina, abar ƙaunata, wannan garin itacen sedro ne, ba na kaji ba. Ƙwari ma gudunsa suke yi. Bari in je in samo miki buntu."

"Kai ka san kaji ko ni?"

Ni dama ba a ja da ni, duk unguwa an sani. Ya sakar min buhun.

Yanzu ga shi saura wata biyu a ɗaura mana aure a coci, Baba zai rushe komai a kan laifin da ba na Ovidio ba. Tsoro nake ji, amma na ƙarasa gabansa.

"Ni na zaɓi garin katakon, Baba. Ya hana ni, na ƙi ji."

"Kare shi kike yi."

"Shi yake kare ni. Ni na kashe kajin Mama, da hannuna na baza garin nan. In kora za ka yi, ga wadda za ka kora."

"Ki iya bakinki, yarinya."

"Ba zan iya ba. Mutumin da ya yarda ka tsane shi don kada ka tsane ni, shi zan aura. In ka raka ni coci, na gode. In ka ƙi... zan tafi ina kuka, amma zan tafi."

Sai hawaye suka ci amanata. Ban share ba, ban kuma sunkuyar da kai ba.

Baba ya ajiye kazar a hankali, ya zauna a kan kifaffen bokiti kamar wanda ƙafafunsa suka gaji.

"Goma sha ɗaya," ya ce.

"Me?"

"Kajin kakanki goma sha ɗaya na kashe, lokacin ina neman uwarki. Jiƙaƙƙen buntu na zuba musu, ina rawar kai a ce na iya aiki. Ta tsaya a gaban ubanta ta ce ita ta zuba." Ya dubi akurkin. "Dukan da ta sha ranar... ina bayan danga ina ji, ban fito ba. Har ta mutu ban daina jin kunya ba."



Ya goge ido da bayan hannu. "Je ki kira shi, 'yata. Shi kam ya fito, bai ɓuya a bayan danga ba."