Farin Ƙyalle a Tsohon Filin Jirgi

"Sakar min hannu, Baba na kallo."

"Bari ya kalla. Ni ma ai kallon nake yi."

Auta ta fizge hannunta, amma ba ta bar ƙarƙashin fiffiken ba. Inuwar wurin ta yi mata daɗi. Injin bai gama hucewa ba, ƙamshin mai ya gauraya da na ciyawar da Babanta ya yanke da safe. Matuƙin jirgin wasiƙu ne a gabanta, wanda ake kira Shamuwa saboda dogayen ƙafafunsa, kuma saboda ba ya zama wuri ɗaya.

"Ƙarshen wata za a rufe filin nan, kin sani," ya ce. "Ni ma yau ce saukata ta ƙarshe, daga gobe sai sabon fili. Kuma an yi min tayin aiki a wata ƙasa. In na tafi, na tafi ke nan."

"To ka tafi mana. Wa ya ɗaure ka?"

"Ke."

Ta sunkuyar da kai tana taka ciyawa da ɗan yatsan ƙafa.

"Rabin raina, ki yi wa Baba magana. Jibi da safe zan bi ta saman nan. In ya yarda, ki shimfiɗa min ƙyalle a miƙe. In na ga giciye, ba zan wahalar da kowa ba. Da na dawo da yamma zan ce musu na karɓi aikin."

Tsohon filin ba shi da rediyo. Da dogayen fararen ƙyallaye guda biyu ake magana da jirgi. In an shimfiɗa su a miƙe, an ce sauko lafiya. In an giciya su, an ce kada ka kuskura. Auta ta iya wannan magana tun kafin ta iya ɗaura zane.

"In kuma ka ga fili babu komai fa?"

"Sai in san ana tunani, in jira... Amma kada tunanin ya yi tsawo, tauraruwata."

A bayan jirgin, Akawu yana ɗaure bakin buhun wasiƙu. Ya daɗe yana ɗaure shi, kunnensa na wajensu. Ma'aikacin ofishin sabon fili ne, mai takalmi mai ƙyalli, kuma ya daɗe yana yi wa Auta sallama tana amsawa da ka.

Da la'asar ta sami Baba a benci, bakin ɗan ɗakin ajiya, yana goge fitilun da ba za a ƙara kunnawa ba. Shi ke kula da filin, Sarkin Fili ake ce masa, duk da talakawansa awaki ne da zabi, su ma korarsu yake yi.

"Baba..."

"Na ga abin da na gani. Mai dogayen ƙafafu ne?"



Baba ya hura ƙurar fitila. "Zauna, uwata. Garin nan filin jirgi uku ya yi kafin sabon, biyu a kan idona suka mutu. Na farko bayan tsohuwar makabarta yake, inda yanzu ake sayar da katako. Kakanki ya tsince duwatsunsa da hannu. Ranar da jirgi ya fara zuwa kowa ya zura a guje, har da mai unguwa, sai kakanki kaɗai ya tsaya ya shimfiɗa ƙyalle. Ba jarunta ba ce, kurma ne, bai ji ƙarar ba."

Auta ta yi dariya, ko da yake ta sha jin labarin.

"Na biyu na soja ne, lokacin yaƙi. Farantan ƙarfe suka shimfiɗa a kan laka. In jirgi ya sauka sai ka ji kamar an zubar da kwanukan duniya. A can na fara aiki ina saurayi. Akwai wani matuƙi, kyakkyawa kamar naki, har ya fi shi kumatu. Budurwarsa ta zo tarbarsa ranar da ruwa ya cinye rabin filin. Ni na giciya ƙyalle da hannuna. Ya gani. Ya ga ita ma tana ɗaga masa mayafi, sai ya sauko."

Baba ya ajiye fitilar.

"Ni na fitar da gawarsa daga jirgin. Ita kuma har ta tsufa ba ta ƙara ɗaga kai ta dubi sama ba. To ki ji, mutumin sama in soyayya ta shiga kansa, ba ya ganin ƙasa."

"Shi ba haka yake ba, Baba."

"Haka waccan ma ta ce."

"Ka ƙi ke nan?"

"Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Tashi ki kore awakin can."

Kunya ta hana ta faɗa masa maganar ƙyalle. Ta yanke a ranta za ta bar filin babu komai, Shamuwa ya san ana tunani. Washegari ta wuni tana ɗinki a gindin sandar buhun iska, wannan dogon buhu da ke nuna inda iska ta nufa. In ya kumbura sai ta ga kamar gajimare ne ya sauko yana son a ɗinke shi. Ta riƙa ganin kanta a kujerar baya, gari ya koma kamar tabarma, Baba kamar ƙwayar gero yana korar wasu ƙwayoyin. Ba ta ma lura da Akawu ba, da ya zo ya ja Baba gefe suka yi magana.

Ranar alkawari ƙarar jirgi ce ta fito da ita daga ɗaki, da tsintsiya a hannu.

A tsakiyar fili ƙyallaye biyu suna kwance a giciye, an danne su da duwatsu.

Tsintsiyar ta faɗi. Ta ruga, raɓa na jiƙa mata zane, tana ɗaga hannu, amma jirgin ya riga ya zo kai. Kullum in ya wuce sai ya karkata fiffike dama da hagu, gaisuwarta ke nan. Yau ya wuce sambal kamar bai taɓa sanin wurin ba.

"Baba, me ka yi?"

"Aikina. An rufe fili, filin da aka rufe giciye ake sa masa. Mene ne na kuka?"

Ta shiga ɗaki ta kifa kai a kan keken ɗinki.

Da hantsi sai ga Akawu, ya sha turare. Ya gaida Baba har ƙasa, sannan ya leƙa ta taga.

"Ranki ya daɗe, a yi haƙuri. Tsuntsu dama na sama ne. Ya ga amsarsa da idonsa, ya kama gabansa. Mu da muke ƙasa muna nan."

Baba ya ɗago daga benci. "Wace amsa?"



Auta ta fito, idanu jajur, ta faɗa wa Baba komai, a miƙe da a giciye da aikin wata ƙasa. Baba ya saurara har ta gama, sannan ya juya ga Akawu.

"Kai, ɗan nan. Manya cewa suka yi a rufe yau?"

"Cewa aka yi... kafin ƙarshen wata."

"Wa ya zaɓi yau?"

"Ai duk ɗaya ne, Baba. Na riga na sanar a ofis, an rufe."

"Shekara da shekaru ina magana da jirage da ƙyallen nan, ban taɓa yi musu ƙarya ba. Yau ka ari hannuna ka mari 'yata da shi." Baba bai ɗaga murya ba. "Kama hanya, tun takalminka na ƙyalli."

Akawu ya kama hanya.

Auta ta durƙusa. "Baba, da yamma zai dawo. Ka bari in miƙar da su."

"A'a."

"Baba..."

"Munafiki ne ya kawo dokar, amma doka ce. Fili a rufe yake. Giciye na nan."

Ya shiga ɗakin ajiya. Ta ji yana jan akwati, yana tari. Da ya fito, wani tsohon ƙyalle ne a kafaɗarsa, farinsa ya koma ruwan madara, duk faci.

"Na kakanki ne, wanda ya tarbi jirgin farko. Kama can."

Ba a fili suka shimfiɗa shi ba. Daga bakin ƙofar gida suka ja shi, a miƙe, har gindin sandar buhun iska. Baba ya danne kowace kusurwa da dutse, ya karkaɗe hannu.

"Fili ya ce kada ka sauka. Gida ya ce shigo. In yana da hankali zai karanta duka biyun."

Suka zauna a benci. Rana ta yi sanyi, ciyawa ta koma ruwan zinariya, zabi suka fito kiwo babu mai korarsu. Auta ta rasa ko a farke take. Sai ga ɗigo daga gabas, kamar ƙuda a jikin labule.

Jirgin ya zo zai wuce can sama. Har ya gota. Sai ya karkata, ya juyo.

Ya zagaya sau ɗaya. Ya sake zagayawa, ƙasa-ƙasa, har iskarsa ta kwantar da ciyawa, har ta hango farar hularsa. Ya daidaita hanci da filin, ƙarar injin ta ragu.

"Sauko, masoyina," ta ce a hankali. "Sauko..."

Ta dubi Baba. Leɓensa na motsi, ba ya ko ƙiftawa.

Ƙafafun jirgin sun kusa shafar kan ciyawa, daidai inda giciyen yake. Sai injin ya yi ruri, hanci ya ɗaga. Ya haye sama, ya karkata fiffike dama, ya karkata hagu, ya nufi sabon fili.

"Ya tafi!" Auta ta fashe da kuka. "Baba, ya gani kuma ya tafi."

Baba ya saki wani dogon numfashi. "Je ki ɗora ruwan shayi. Ki sa kofi uku."

Rana na gab da faɗuwa aka ji ƙarar keke a kan hanyar da ta ratso gonaki. Keken aro ne, ya yi masa kaɗan, gwiwoyinsa har suna dukan hannun keken. Wandonsa ya kama ƙaya, gumi ya jiƙa rigar aiki. Bai ratsa ta fili ba, ta gefe ya zagayo, ya jingine keken, ya durƙusa a bakin tsohon ƙyallen.

"Baba, na ga saƙo biyu."

"Me ya hana ka sauka? Ga ta nan tana ta kiranka."

"Na ga giciye, Baba. Wallahi zuciyata ta sauka, ni ne dai ban bi ta ba."

"Da ka bi ta, da ko ka fita da rai ba ka samu 'yata ba." Baba ya miƙa masa kofi. "Aikin wata ƙasar fa?"

"Na ce musu a ba wani."

"To ka turo manyanka. Ta ƙasa za su zo."

Auta tana bayan ƙofa, da butar shayi a hannu, tana dariya hawaye na zuba. Shamuwa ya saci kallonta.

"Tauraruwata, saura kaɗan ki kashe ni da safe."

"Kai ma ka rama da yamma."

"Kai, mai dogayen ƙafafu," Baba ya ce, "idonka a kan shayinka. In ka gama ka kama mata can ku naɗe ƙyallen nan, kada raɓa ta taɓa shi. Ita zan ba, ta tafi da shi gidanku."