Faifan da Aka Kawo da Magariba

Zulfa ce ke kula da kwamfutar wata ƙungiyar manoma a Gaya. Faifan ajiyar bayanai huɗu aka haɗe suka zama rumbu guda, a nan sunayen manoma da iyakokin gonakinsu suke. Ranar Talata sai faifai ɗaya ya mutu. Injiniya Hafizu ya ce idan wani ya bi shi komai ya salwanta, amma yana tafe daga Kano da sabo.

Ana kiran magariba wani dogon mutum ya shigo ba sallama. Ba ta ji tsayuwar babur ba.

"Hafizu ne ya aiko ni."

"Bai gaya min ba. Malam, ya sunanka?"

Ya zaro wani faifai daga cikin rigarsa. Ya miƙo faifan, ta ji shi da sanyi da danshi kamar daga rijiya aka tsamo shi. Ta ƙi sakawa. Sai ya zauna, ya buɗe manhajar kwamfutar da lambar sirrinta da ba ta gaya wa kowa ba, ya soke mataccen faifan daga rumbun don nasa ya maye gurbin.

Wayarta ta yi ƙara, ta ɗauka, ashe Hafizu ne. "Zulfa, ina Wudil, taya ta fashe. Faifan na jakata."

Mutumin bai waiwayo ba. Da muryar Hafizu sak ya ce, "Ce masa kada ya wahalar da kansa."