Sojojin Da Suka Sunkuyar Da Kai

A garinmu Basra, idan zafi ya kankama, tsakar rana ba ta da aboki. Kowa ya rufe taga ya kwanta. Ko kyanwa ba ka gani a titi. Kakanninmu sukan ce wa yara akwai abin da ke yawo a saman gidaje a wannan lokaci, kada wanda ya hau. Ba su taɓa faɗin sunan abin ba, mu ma ba mu tambaya.

Akwai wani yaro a unguwarmu, ɗan aji shida. Wasan da ya fi so shi ne yaƙin 'yan sojojin roba. Ƙanana ne, ba su wuce ɗan yatsa ba. Ana sayo su ruwan toka, sai mutum ya zauna da siririn buroshi ya yi musu fenti. Riga, takalmi, garkuwa, har gashin baki. Ido ake sa musu a ƙarshe. 'Yan wasan sun ce soja ba ya hawa tebur sai yana da ido.

Duk Juma'a bayan la'asar ana haɗuwa a bayan shagon Kawu Falih mai sayar da kayan makaranta. Akwai babban tebur da duwatsun kwali da bishiyoyin soso. A jera sojoji, a jefa 'ya'yan lido, a auna tafiyar kowane soja da tef irin na tela.

Rundunar yaron ta haɗin gwiwa ce da abokinsa Muntazar, rabi nasa rabi na Muntazar. Gidan su Muntazar cike yake da ƙanne masu sa komai a baki. Shi ya sa ake ajiye rundunar a kan kanta a ɗakin yaron.

A cikinsu akwai Sarkin Yaƙi a kan farin doki. Hazim, yayan Muntazar, shi ya yi masa fenti kafin ya tafi aikin jirgin ruwa.

"Wannan amana ce," in ji Muntazar ranar da ya kawo shi. "In ƙuda ya sauka a kansa, ka kore shi."

"Ko sauro bai isa ba," in ji yaron.

Ana nan ana nan, sai wasan ya fita daga ran yaron. Shi kansa bai san ranar da abin ya fara ba. Manyan yara sun cika teburin da gardama. Wannan ya ce tef ya karkace, wancan ya ce doka ba ta ce haka ba. Wasa ɗaya sai ya kai magariba. Ko sun ci, yaron ba ya jin komai. Idan Juma'a ta gabato, sai ya ji nauyi a ƙirjinsa.

Ya so ya faɗa wa Muntazar, amma kunya ta hana shi. Yana tsoron idan ya bar wasan, ya bar abokinsa ke nan.

Ranar Juma'a Muntazar ya buga masa waya.

"Kai malalaci, ka shirya? Yau sai mun kori mutanen nan har bakin kogi."

"Cikina ke ciwo," in ji yaron.

"Ayya, sannu. Dabino ka cika ci ko? To Allah ya sauwaƙe."

Yaron ya kwanta a gado. Cikinsa lafiya lau. Da ya ɗaga kai, sai ya ga sojojin a kan kanta. Duka suna kallonsa. Shi da hannunsa ya ɗiga wa rabinsu ido, amma yau idanun sun yi masa yawa. Ya juya ya fuskanci bango. Duk da haka yana jin kallon a ƙeyarsa.

Washegari da safe ya kwashe su a faranti. Ya hau saman gida. Can akwai wani ɗan ɗaki na kwano, inda Kaka take tara tsofaffin kaya. Ya jera su a kan wani katako, sahu-sahu, Sarkin Yaƙi a gaba. Ya ja ƙofa ya sauko. A ransa ya ce ya huta.

Juma'a ta zagayo. Wannan karon ya ce Kaka ce ta aike shi. Ƙarya kuwa fure take, ba ta 'ya'ya, amma yaron bai tsaya jiran ganin haka ba.

Wata rana ana gab da azahar, wuta ta ɗauke. Gidan ya yi tsit. Umma da Kaka sun kwanta. Yaron ya tuna ya bar majajjawarsa a ɗakin kwano, sai ya lallaɓa ya hau.

Saman gidan ya yi fari fat da rana. Babu iska, babu kukan tsuntsu. Tantabarun maƙwabta ma sun ɓuya. Ya tura ƙofar kwanon, ta yi ƙara a hankali.

Ya tsaya cik.

Ya san yadda ya jera su. Kowane mashi a tsaye ya bar shi, tsininsa na kallon sama. Yanzu masun sahun gaba duka sun lanƙwasa, tsininsu na nuna ƙasa.

"Waye a nan?" ya tambaya da ƙaramar murya.

Babu amsa. Sai kwanon rufi ya yi ƙas, ƙas, kamar wani na takawa a kai. Yaron ya manta da majajjawa, ya sauko da gudu.

Bai faɗa wa kowa ba. In ya faɗa, za a tambaye shi me ya kai sojojin can.

Bayan kwana biyu ya kasa haƙuri, ya sake hawa. Ya leƙa ta jikin ƙofa. Wannan karon ba masu kaɗai ba ne. Sojojin sun sunkuyar da kai. Mai riƙe da tuta ya karkata gefe, kamar wanda ya gaji da tsayuwa. Ba ko ɗaya da ke kallonsa. A da kallonsu ne ya dame shi. Yanzu ya gane rashin kallon ya fi ban tsoro.

"Fushi kuke yi da ni?" ya ce a hankali.

Kwanon ya sake yin ƙas.

Daga ranar abinci ya daina wuce masa. Kaka ta dafa shinkafa da kifi, abin da ya fi so, ya tsakura ya ture. Kaka ta dube shi ta saman tabarau.

"Kai, mijin nawa, me ke damunka? Ko ka yi sabuwar mata ne ka raina girkina?"

"Ba komai, Kaka."

"Ba komai ba ya rame yaro."

Ranar Alhamis Muntazar ya sake bugo waya. Muryarsa cike da murna.

"Albishirinka. Jirgin Yaya Hazim ya iso. Gobe zai zo shagon Kawu ya ga Sarkin Yaƙinsa a kan tebur. Ko cikinka zai fashe, sai ka kawo su."

Yaron ya ajiye waya. Rana ta take tsaka, amma dole ya hau ya duba.

Ya buɗe ƙofar. Farin dokin ya durƙusa a kan ƙafafunsa na gaba. Sarkin Yaƙi ya kifa a wuyan dokin, takobinsa na taɓa katako. Duk rundunar ta rusuna a bayansa, shiru, kamar masu zaman makoki.

Yaron ya sauko yana kuka, ya faɗa ɗakin Kaka.

"Kaka, abin nan da kike cewa yana yawo a sama, ya shiga sojojina. Ko kuma su ne suke fushi. Na yashe su, suna mutuwa."

Kaka ta tashi zaune ta yafa mayafi.

"Mu je in gani. Abin da ke yawo a sama ya san ni, tare muka tsufa."

Ta hau a hankali tana riƙe da kafaɗarsa. Ta dubi sojojin ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ce, "Taɓa kwanon nan."

Ya taɓa, ya janye hannu da sauri.

Kaka ta tona cikin tarkace ta ciro wani tsohon ludayin roba. Ya naɗe kamar jelar kunama.

"Wannan ma fushi yake da ni? Bara na manta shi a nan. Ɗakin nan da rana tanderu ne, gurasa ma za ta gasu. Ƙarar da kake ji kuwa, kwano ne ke miƙa don zafi."

"To abin da ke yawo fa?"

"Rana ce, ɗan nan. Ita muke tsoratar da ku da ita, don kada ta kwantar da ku." Ta dube shi sosai. "Yanzu ni ga tawa tambayar. Kayan da kake goge wa ƙura da gefen rigarka, me ya kawo su nan?"

Yaron ya sunkuyar da kai kamar sojojinsa. Ya faɗa mata komai, har ciwon cikin ƙarya, har aiken da ba ta yi masa ba.

"Au, har da ni aka sa a ciki?" in ji Kaka. "Gajiya da wasa ba laifi ba ne. Ni ma na yi shekaru ina saƙa, rana ɗaya na ajiye, ba wanda ya kai ni kotu. Amma barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Ka ɓoye magana, ga shi ta narka kayan mutane. Ɗauki farantin nan. Ba sai gobe ba."

Da la'asar ya kira Muntazar, suka haɗu a shagon Kawu Falih. Yaron ya yaye ƙyallen da ya rufe farantin. Muntazar ya ɗauki Sarkin Yaƙi a tafin hannunsa. Idonsa ya cika da ƙwalla.

"Ka ce ko sauro bai isa ba."

"Na ce. Ni na kai su ɗakin kwano. Cikina bai taɓa ciwo ba. Wasan ne ya fita raina, na ji kunyar faɗa maka. Ka yafe mini."

"Da ka faɗa mini, ai sai in zo in kwashi nawa. Ka ɗauka don tebur nake abota da kai? Wallahi kai sakarai ne."

Kawu Falih yana jinsu daga bayan kanta. Ya sauke butar shayinsa daga wuta, ya zuba ruwan zafi a kwano ɗaya, ruwan ƙanƙara a wani.

"Ku matso. Ba ku ne farkon waɗanda ranar Basra ta ci da yaƙi ba."

Ya tsoma soja ɗaya a ruwan zafi, ya ɗan jira. Ya ciro shi, ya miƙar da wuyansa da yatsa, ya jefa shi a ruwan sanyi. Da ya fito, kansa a ɗage, mashinsa na kallon sama.

"Saura naku," in ji Kawu. "Wanda ya ɓata shi zai fi yin aiki."

Suka duƙufa har magariba ta kusa. Yatsun yaron suka yi ja. Sarkin Yaƙi suka bari a ƙarshe. Muntazar ya riƙe numfashi, yaron ya miƙar da ƙafafun dokin a hankali. Dokin ya tsaya. Fentin gwiwarsa ne kawai ya ɗan tsage.

"Gobe ni zan gaya wa Yaya Hazim yadda aka yi," in ji yaron.

Soja ɗaya ne ya ƙi miƙewa, wani ɗan baka mai harbin kibiya daga rabin yaron. An tsoma, an sake tsomawa, kansa na nan a sunkuye.

"To yanzu fa?" Kawu ya tambaya. "Ka bari ke nan, ko hutu za ka yi?"

Yaron ya yi tunani. "Ban sani ba, Kawu. Yanzu dai ba na so. In na sake so, zan dawo."

"Teburin ba ya gudu."

"Ruƙayya 'yar baffana ta daɗe tana roƙon a sa ta," in ji Muntazar. "Ka ara mata rabinka?"

"Na ara mata. Amma ta ajiye su a inuwa."

Muntazar ya kai masa duka a kafaɗa, suka yi dariya.

Washegari yaron ya tsaya gaban Hazim ya faɗi gaskiya. Hazim ya juya dokin a hannu, ya ce dokin yaƙi ai sai da tabo. Da aka fara wasa, yaron ya yi musu sallama ya tafi gida, ƙirjinsa sakayau. Ranar Asabar Muntazar ya biyo masa, suka tafi bakin kogi shan iska.

Ɗan bakan nan mai sunkuyayyen kai ne kaɗai bai ba da aro ba, yana kan kantar yaron har yau. Ba ya ba shi tsoro kuma. Idan ya dube shi, yakan tuna abin da ya koya: in ka gaji da abu, ka faɗa da bakinka tun da wuri. Barin wasa ba ya raba abokai, ɓoye gaskiya ne ke ɓata amana.