Ɗan Notin Tabarau

Wata Laraba da hantsi Patricia ta tsaya gaban wani ƙaramin tebur a bakin kasuwa, riƙe da tabarau ƙunshe cikin hankici. Saurayin da ke gyaran agogo a wurin bai ɗago ba sai da ta gaishe shi sau biyu.

"Na mahaifiyata ne," ta ce. "Ta rasu bara. Zai gyaru?"

Saurayin, mai suna Shekwolo, ya daɗe yana juya shi a hannu.

"'Yar'uwa, ba zan ruɗe ki ba. Ya karye a tsakiya, gilashi ɗaya kuma ya tsage. Ba zai koma ba."

Sai leɓunanta suka shiga motsi ba sauti.

"Zagina kike yi?"

"Addu'a nake. Na roƙi Ubangiji ya haɗa ni da mai gaskiya, ya kuma gyara mini abin da ya karye. Ya amsa rabi."

"Sauran rabin fa?"

"Yana tafe."

Ya yi dariya, sai a lokacin ya dube ta sosai. Ta ce ya ajiye tabarau ɗin a wurinsa, ba ta son ganinsa haka a gida. Shi kuwa ya nemi lambarta, wai ko da wata dabara za ta zo masa. Dabarar ba ta zo ba, amma kira bai yanke ba.

Da sannu ya gane halinta. Tana koyarwa a wata firamare a Paiko, kuma ba abin da ba ta kai wa Allah: kujera a mota, allurar da ta ɓace, gishirin miya. Ya sa mata suna 'Yar Addu'a.

"'Yar Addu'ata, yau me aka roƙa?" ya rubuta mata wata rana.

"Kada ruwa ya sauko sai na kwashe shanya. Da kuma kada wani mai gyaran agogo ya manta da cin abinci."

Mahaifinta, Malam Gimba, tsohon malamin makaranta ne, dattijo a cocinsu na Tudun Fulani. Tun rasuwar matarsa Margaret ya rage magana. Da ya ji zancen Shekwolo, ya girgiza kai.

"Mai tebur a bakin titi? Ga Christopher da aikin ofis da mota. Mutanensa za su zo ranar Lahadi, kuma zan amsa musu."

"Baba, na yi addu'a a kai."

"Ke komai addu'a, har gishiri! Na roƙi babban abu a gefen gadon uwarki, ban samu ba. Ki bar Allah ya ji da manyan al'amura."

Christopher bai yi wata-wata ba, ya tsayar da mota gaban teburin Shekwolo, ya miƙa agogo.

"Goge shi da kyau, abokina. Da shi zan je neman aure gidan Malam Gimba."

Shekwolo ya goge, ya miƙa masa. Kwana uku bai ɗauki wayar Patricia ba. A na huɗu ya rubuta:

"Allah ya sa albarka. Ba zan tare miki hanyar alheri ba."

Ta amsa: "Sheko, wa ya gaya maka na yarda? Kai da ba ka yar da agogo sai ka buɗe cikinsa, ni ka yar da ni ba tambaya?"

Asabar da safe Malam Gimba na zaune a tsakar gida yana goge nasa tabarau, don shi zai yi karatun Littafi Mai Tsarki washegari. Sai hannun tabarau ɗin ɗaya ya cire, ɗan notin da ke riƙe da shi ya faɗa cikin yashi. Patricia ta share, ta tankaɗe da rariya, babu.

Christopher, wanda ya zo gaisuwa, ya ce, "Baba, a yar da wannan tsohon abu, in sayo sabo yanzu."

Fuskar dattijon ta canza. "Rana ɗaya muka saya ni da Margaret, iri ɗaya. Ita ta zaɓa."

Patricia ta shige ɗaki, ta rufe ido na ɗan lokaci, sannan ta rubuta wa Shekwolo: "Baba na bukatar hannunka. Ba don ni ba."

Shekwolo ya taso daga unguwarsu ta Fadikpe da gwangwanin da yake tara ƙananan notina. Ya durƙusa ya gaida dattijon, ya shiga gwadawa. Wannan ya yi kauri, wancan ya yi tsawo. Ya gwada fiye da ashirin.

"Tsohon yayi ne, Baba. An daina yin irinsa."

Christopher ya kaɗa makullin mota. "Ai na faɗa."

Shekwolo ya ajiye gwangwanin. Sai ya sa hannu a aljihun gaba, ya ciro hankicin nan. Ya taho da shi ne don ya mayar wa Patricia ajiyarta, tunda ya ɗauka zance ya ƙare. Yana warware shi Malam Gimba ya miƙe tsaye.

"Na Margaret ne wannan."

A hankali Shekwolo ya kwance noti daga karyayyen, ya ɗaura a na dattijon. Ya zauna daram.

Malam Gimba ya saka tabarau, ya cire, ya share ido, ya sake sakawa.

"Tun yaushe yake wurinka, ɗana?"

"Wata goma sha huɗu, Baba."

"Abin da ba ya gyaruwa? Me ya hana ka yar?"

"Ba nawa ba ne. Amana aka ba ni."

Dattijon ya juya ga 'yarsa. "Me kika roƙa a ɗaki?"

"Noti, Baba."

"Shi kaɗai?"

Ta sunkuyar da kai. "Da mai ɗaura shi."

Karon farko tun rasuwar Margaret, aka ji dariyar Malam Gimba har waje. Ya ba Christopher haƙuri cikin mutunci, ya ce wa Shekwolo ya turo iyayensa.

An ɗaura auren a watan Disamba, ƙungiyar zumuntar mata ta coci na waƙa har bakin titi. Da aka miƙa wa Malam Gimba makirufo, ya gyara tabarau, ya ɗora hannu a kansu.

"Ubangiji, kai da ka ajiye mini ɗan noti wata goma sha huɗu, ka lura da gidan yaran nan. Gishirinsu, ashanarsu, allurarsu, kada ka manta ko ɗaya."

Coci ta amsa da amin. Patricia ta matse hannun angonta, ta raɗa masa:

"Sheko, ga sauran rabin."