Zoben da Ke Neman Yatsa

Shagona na gyaran agogo jingine yake da na maƙerin zinare, shekara goma sha bakwai, don haka abin da zan faɗa ba jita-jita ba ne. Gwani muke ce masa, kuma sunan ya shiga kansa. Tsofaffin zobba na gado ake kawo masa, ya faɗaɗa ko ya rage, ya mayar da dutsen da ya fice. Kullum cikin mita yake, wai hannunsa ke gyara dukiyar masu kuɗi alhali aljihunsa iska ce.

Shi da bakinsa ya ba ni labarin bokan da ya je wurinsa neman arziki. Ɗaki ne ba taga, an rataye zobba a jikin ƙusoshi kamar makullan haya, da ƙwarya cike da jinin da ya daskare. Boka ya tsoma hannu ya zaro zoben yaƙutu ja, ƙirar mutanen da: an buge zinaren da guduma, an bar bayan dutsen a buɗe don ya taɓa fata, ana juya shi cikin tafin hannu.

"Ajiye shi a shagonka, arziki zai zo," in ji boka. "Amma kowace shekara zai ɗauki wanda ya yi wa daidai a gidanka."

"In bai yi wa kowa daidai ba fa?"

"Sai ka ci bulus."

Gwani ya yi dariya. "Ni za a koya wa awon zobe? Kawo shi nan."

Ya auna yatsun gidansa kaf da zare, ya faɗaɗa zoben har ya fi ƙarfin kowa. Kuɗi suka ɓalle masa. Ya sayi shaguna uku, ya daina amsa gaisuwata, abin da ya ƙona min rai ƙwarai. Shekara biyu ko ciwon kai ba a yi a gidan ba.

Sai matarsa ta sami ciki, hannayenta suka kumbura. Ba ta taɓa ganin zoben ba ma, amma ranar da ta haifi 'ya mace ta cika. Na je ta'aziyya na tarar da shi yana huci, ba kuka ba. Ya ce awo ne ya kuskure, ba za a sake ba. Ya yanke zinaren ya matse zoben, ko ƙaramin yatsan babba ba ya shiga.

Mahaifiyarsa kuwa baƙin ciki ya cinye ta, ta rame ta zama ƙashi da fata. Shekara na zagayowa aka binne ta. Ƙanensa ya fara magana shi kaɗai, ya bi titi. Gwani ya jefa zoben a wuta, ya zuga har gawayi ya ƙare, zinaren ko laushi bai yi ba. Ya koma wurin boka, ya tarar da kango.

Saura yarinyar, ga yatsunta na girma kowane wata. Ragewa ta ƙare, dutsen ya cinye wurin. In ya faɗaɗa, wata rana yatsanta zai kai.

Da hantsi ya kira ni, karo na farko cikin shekaru. Ya ɗora zoben a kan ƙarfen awo yana bugawa har ya kai girman yatsansa.

"Maƙwabci, ka zama shaida," ya ce. "Wannan karon ni na zaɓa masa, ba shi ya zaɓa ba. 'Yata kam ya yi kaɗan."

Ya zura shi, ya juya dutsen ciki, ya dunƙule hannu.

Bai mutu ba, hankalinsa aka ɗauke. Shagunan suka watse, gidan ya tafi, hannun nan har yau ba wanda ya iya buɗe shi. Duk mai ganin wayonsa zai kai shi ya ci kuɗin tsafi ya goge baki, ya zo ya kalli Gwani a bakin tsohon shagonsa. Ni na riƙe yarinyar, shekararta tara yanzu. Kullum ita ke kai masa abinci, kullum kuma sai ya ɗago ya tambaye ni, "Maƙwabci, wannan 'yar waye?"