Ruwan Zafin da Kawu Sallau Ya Zubar

Ku matso kusa. Talatuwa, rage hasken fitilar nan. Kai kuma Ɗanlami, in ka san za ka yi fitsarin kwance, tashi tun yanzu.

Kawu Sallau ƙanin innata ne, ba ku taso kun gan shi ba. Direba ne. Matarsa ta rasu, bai sake aure ba, ba ɗa ba jika. Abin da ya mallaka a duniya wata tsohuwar mota ce 'yar Kwatano, wadda ta bi hannuwa da yawa kafin ta iso gare shi. Da ita yake jigilar 'yan kasuwar ƙauye, da ita yake ci.

Motar nan kuwa ba ta da mutunci. Yau kiloci, gobe fanbel ya tsinke, jibi birki ya ƙi kamawa. Da safe sai an tura take tashi. Amma babban ciwonta zafi, don lagiretonta, wato tankin ruwan da ke sanyaya inji, yoyo yake.

Bakanikensa, Oga Tanimu, ya ce masa, "Sallau, lagireton nan ya gama aiki, liƙi ba zai ƙara riƙe shi ba. In ka bari gasket ɗin inji ya ƙone, sai an sauke kan inji. Wallahi kuɗin zai kusa rabin kuɗin motar."

"To sabo nawa ne?"

Ya faɗa masa. Kawu ya yi dariyar takaici, don cinikinsa na wata guda bai kai ba. Sai ya koma dabarar direbobi: jarkar ruwa a but ɗin baya, ɗanyen ƙwai a gaban mota. In yoyo ya yi yawa a fasa ƙwan cikin lagireto, zafi ya dafa shi, ya toshe hudar har a kai gida.

Wata ranar kasuwa ya sauke fasinjansa na ƙarshe, ya kamo hanyar gida shi kaɗai. Hanyar daji ce, ba gari ba ruga. Magariba ta kawo jiki. Sai allurar ma'aunin zafi ta haye sama, tururi ya taso daga bonet.

Ya tsaya gindin wata tsamiya. Ransa a ɓace, ga gajiya. Ya sa tsumma ya murɗe murfin lagireto, tafasasshen ruwa ya yi tsiri, ya kwarara ƙasa.

Kun dai san abin da ake hana ku a gida. Ba a zubar da ruwan zafi a ƙasa da magariba ba bisimilla. Kawu ya sani. Ya manta.

Sai ya ji ƙara. 'Yar siririya, kamar ta ɗan akuya sabon haihuwa.

Ya waiga. Ba kowa. Tsuntsaye sun yi shiru. Ya juyo, sai ga mace tsaye gaban mota, da goyo, ta ja mayafi har ido.

"Direba."

Tana gabansa, amma muryar daga bayan kunnensa ta fito.

"Na'am, baiwar Allah."

"Ruwan wa ka zubar?"

"Na mota ne."

"A kan wa ka zubar?"

Kawu ya sunkuyar da kai, sai idonsa ya sauka a ƙafarta. Ƙasar ta jiƙe ta yi taɓo, shi takalminsa har ya nutse. Ita ko sawu babu. Kuma dugaduganta ne a gaba.

Talatuwa, saki zanena.

Matar ta kwance goyon. Yaro ne ƙarami, hannunsa ya saluɓe tun daga kafaɗa. Ba ya kuka da ƙarfi, sai shessheƙa.

Kawu ya duba abin da ke cikin mota. Ƙwai ɗaya ya rage, ruwa rabin jarka. In ya fasa a lagireto ya zuba ruwan, mota ta tashi, ya tsere. In ba haka ba, injin ya buga a dajin nan, abincinsa ya ƙare. Amma daga baya ya ce mana tausayi ne ya fi tsoro ƙarfi a ransa, don bai taɓa riƙe ɗa nasa ba.

Ya yi bisimilla. Matar ta ɗan ja da baya, amma ba ta tafi ba. Ya tsiyaya ruwan a hannun yaron har jarka ta ƙare. Ya fasa ƙwan ya shafa masa a hankali. Fatar sanyi ƙalau, kamar randa.

Yaron ya daina shessheƙa. Ya kama yatsan Kawu ya riƙe.

"Ya ƙi saki," in ji matar. "To shi ke nan. Shiga motarka, ba za ta ƙara zafi ba."

"Babu ruwa a ciki."

"Shiga."

Ya murɗa makulli. Motar da sai an tura, bugu ɗaya ta tashi. Bai duba madubi ba har gida.

Tun daga ranar motar ba ta sake lalacewa ba. Ko tafiyar yini ta yi, ka dafa injin ka ji shi sanyi. Oga Tanimu ya buɗe bonet sau ɗaya, ya ga lagireto a bushe, ya rufe, ya ce kada a ƙara kawo masa ita.

Sai dai duk fasinjan da ya shiga sau ɗaya ba ya sake shiga. Sun ce a kujerar baya akwai numfashin yaro mai barci. A tasha aka daina yi masa lodi. Ya sa motar a kasuwa, ba mai tayawa. Haka ya riƙa yawo da ita fayau, gari zuwa gari, yana tuƙi a hankali kada ya faɗa rami ya tashi yaron.

Ni da kaina na tambaye shi, "Kawu, ba ka jin daɗi, yanzu ba kuɗin gyara?"

Ya ce, "'Yata, da tana lalacewa ina yini a gareji, a yi hira, a ci abinci kwano ɗaya. Yanzu daga ni sai mai barcin nan." Wallahi ranar sai da na yi kuka.

Don haka in kun girma kun yi mota, ku gyara ta tun da rana, cikin mutane. Hanyar tsamiyar nan kuwa, kada wanda ya bi ta shi kaɗai in magariba ta yi. Ku tofa addu'a ku kwanta.