Gaisuwar Tsaye

"Wanga yaro da yag gaishe ni tsaye kamar soja? Ba ni ba shi ɗiyata!"

Hasiya tana bayan zana, ta ji maganar mahaifinta Malam Sodangi har cikin ƙashinta. Ita ce ta jawo, ta kuma sani.

Maniru tela ne a kasuwar Bodinga. Tun yana yaro bayansa ya karkace, sai kwanan baya aka kai shi Kano aka yi masa aiki, aka sa ƙarfe a ƙashin bayan. Likita ya ja masa kunne: ban da sunkuyo, ban da tsuguno, sai ƙashi ya kama. Da zai zo Shagari gaishe da iyayenta, Hasiya ta roƙe shi ya ɓoye zancen, don Bawa mai albasa, da shi ma ke nemanta, jira yake ya ce nakasasshe ne.

"Don Allah, masoyina... ka sa babbar riga, ba mai ganewa."

Ai kuwa ba a gane ba. Sai Bawa ya samu na yawo da shi, wai yaro ya sha ruwan birni, ya fi ƙarfin durƙusa wa manya. Kalma ɗaya daga bakinta ta isa ta wanke shi. To wace ɗiya ce za ta tsaya gaban ubanta tana kare saurayi?

Ranar Juma'a Maniru ya dawo. Tana leƙe ta gan shi ya tuɓe takalmi, ya cije leɓe, ya zube har ƙasa gaban dattawa.

Malam Sodangi ya yi murmushi. "Yanzu ka yi magana. Tashi, na ba ka."

Maniru bai tashi ba.

A asibiti aka ce ƙarfen ya goce, ya taɓa jijiya. A lokacin kuwa ƙasar ta shiga matsi, ko sabulu sai an bi layi, balle ƙarfen da ake kawowa daga waje.

An ɗaura auren bayan girbi, ango yana kwance. Ranar da aka kai ta, ta riƙe ƙafafunsa tana kuka tana neman gafara.

"Hasiyata," ya ce, "hannuna za ki riƙe. Can ƙasa ba ni jin ki."